Hans Zimmer da Sauyin da Ya Kawo wa Sana'ar Kiɗan Fim

A shekarar 1988, darakta Barry Levinson na Amurka yana neman wanda zai tsara kiɗan fim ɗinsa mai suna Rain Man, sai matarsa ta jiyar da shi faifan kiɗan wani ƙaramin fim na Ingila, A World Apart, wanda ke ba da labarin wani gida na masu adawa da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Wanda ya yi wannan kiɗa matashi ne ɗan Jamus mazaunin Landan, shekarunsa ba su wuce 31 ba, bai taɓa zama a makarantar koyon kiɗa ba, kuma mafi yawan abin da ya iya a kan na'urorin haɗa sauti ya koye shi da kansa. Levinson ya neme shi ya ba shi aikin. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta Oscar a matsayin fim mafi kyau na shekarar, sunan matashin kuma, Hans Zimmer, ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar lambar kiɗa. Daga nan ne tafiyar da ta kai shi ga finafinai fiye da 150 ta kama hanya. Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci nazari shi ne cewa ya sauya yadda ake yin aikin kansa, tun daga kayan aiki har zuwa yawan hannuwan da ke cikinsa, kuma wannan sauyi ya haifar da kiɗa mai ƙarfi tare da wata tambaya da har yau ba a gama warware ta ba: idan mutane da yawa suka yi aiki, sunan wa ya kamata a rubuta?

Asalinsa da abin da ya tarar

An haifi Hans Florian Zimmer a birnin Frankfurt ranar 12 ga Satumba, 1957, ya kuma tashi a yankin Königstein da ke kusa da birnin. Mahaifinsa injiniya ne mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya rasu lokacin da yaron yake ɗan shekara shida. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce da ta tsere zuwa Ingila a 1939 don kuɓuta daga mulkin Nazi, kuma sai a 1999, a wani taron manema labarai na bikin finafinai na Berlin, Zimmer ya fito fili ya bayyana wannan asali nasa. Shi da kansa ya sha faɗa cewa darasin fiyano na mako biyu kacal ya taɓa samu, kuma an kore shi daga makarantu da dama saboda rashin jure wa ƙa'ida. Ya yi karatu a wata makarantar kwana a Suwizalan, sannan ya ƙarasa a makarantar Hurtwood House da ke Ingila, inda ya zauna bayan kammalawa. A Landan ya fara cin abinci da kiɗan tallace-tallace, yana kuma taya ƙungiyoyin mawaƙa aiki a kan na'ura. A 1979 an hango shi na ɗan lokaci a bidiyon wata waƙa ta ƙungiyar The Buggles, wanda daga baya ya zama bidiyo na farko da tashar MTV ta nuna ranar da ta fara aiki a watan Agusta na 1981.

Makarantarsa ta gaskiya ita ce zamansa da Stanley Myers, gogaggen mai tsara kiɗan fim ɗan Ingila, wanda ya ɗauke shi a farkon shekarun 1980, suka kafa situdiyon Lillie Yard tare a Landan. Myers ya san sirrin babbar ƙungiyar makaɗa, Zimmer kuma ya san na'ura, kowannensu yana da abin da ɗayan ke buƙata. Sun yi finafinai da dama tare, ciki har da My Beautiful Laundrette na 1985, kuma Myers bai yi ƙyashin sanya sunan yaron nasa kusa da nasa ba. Wannan tarbiyya ta ubangida da yaro ita ce Zimmer ya ɗauka ya faɗaɗa daga baya har ta zama masana'anta.

Domin a fahimci girman abin da ya yi, sai an san abin da ya tarar. Kiɗan Hollywood tun shekarun 1930 masu jin Jamusanci ne suka aza harsashinsa. Max Steiner daga Vienna ya zo, Erich Wolfgang Korngold ma a can ya tashi, Franz Waxman kuwa ya bar Jamus a 1934 bayan magoya bayan Nazi sun yi masa duka a titin Berlin, ya kuma zo ya ci Oscar shekara biyu a jere. Dukkansu masana ne da suka yi karatun kiɗa mai zurfi, suna zama da fensir da takarda su rubuta wa kowane makaɗi alamomin abin da zai kaɗa. Darakta ba ya jin komai sai ɗan abin da aka buga masa a fiyano, cikakken sautin kuma ba ya bayyana sai ranar da makaɗa tamanin ko fiye suka taru a zauren ɗaukar sauti, lokacin da kowace sa'a kuɗi ce mai yawa, gyara kuma ya yi wuya. Na'urar haɗa sauti ta riga Zimmer shiga fim, domin Giorgio Moroder da Vangelis duk sun ci Oscar da ita kafin shi, kuma a Jamus ɗin kanta ƙungiyoyi irin su Kraftwerk na Düsseldorf da Tangerine Dream na Berlin sun daɗe da mayar da ita kayan kiɗa na gaske. Sai dai har zuwa lokacin ana kallon kiɗan na'ura da kiɗan makaɗa a matsayin hanyoyi biyu da ba sa haɗuwa.

Yadda ya sauya aikin

Zimmer ya haɗe hanyoyin biyu. Ya mayar da kwamfuta teburin rubutunsa, ya ɗauki sautin makaɗa na gaske ɗaya bayan ɗaya ya adana a na'ura, ta yadda zai iya zama shi kaɗai ya gina kwaikwayon babbar ƙungiya, ya ɗora a kan hoto, ya kira darakta ya zo ya ji. Darakta yana iya cewa a rage nan, a ƙara can, a sauya karin gaba ɗaya, duk kafin a kashe ko sisi a kan makaɗa. Kiɗan Driving Miss Daisy na 1989, wanda shi ma ya ci Oscar na fim mafi kyau, Zimmer ne ya buga shi duka a na'ura ba tare da ƙungiyar makaɗa ba. A yau babu wani babban kamfani da zai amince da kiɗa bai fara jin irin wannan samfuri ba, kuma masu sana'ar da dama suna danganta yaɗuwar al'adar da shi.

A 1989 ya kafa kamfanin Media Ventures a Santa Monica tare da abokinsa Jay Rifkin. Bayan saɓanin da ya kai su kotu a 2003, kamfanin ya ci gaba a hannun Zimmer da sunan Remote Control Productions. Gini ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da mai tsara kiɗa da na'urorinsa, matasa suna shigowa a matsayin masu hidima da gyaran waya, su koyi aiki, a ba su fitowa ɗaya ko biyu su gwada, daga baya a miƙa su ga furodusa su ɗauki fim nasu na kansu. John Powell da Harry Gregson-Williams da Lorne Balfe duk ta nan suka bi, haka ma Ramin Djawadi, haifaffen Duisburg a Jamus, wanda ya yi kiɗan shirin Game of Thrones. Kowace sana'a tana buƙatar ƙofar shiga, kuma a Hollywood, inda sabon shiga ba ya samun ko wanda zai saurare shi, wannan ƙofa ta yi wa mutane da yawa rana.

Muryoyin Afirka

Fim ɗin da ya ɗaga shi zuwa sama shi ne The Lion King na kamfanin Disney a 1994, kuma a nan ya kamata a dakata, domin a cikinsa ne ƙarfinsa da raunin tsarinsa suka fara bayyana tare. Shekara biyu kafin nan, a lokacin aikin The Power of One, ya haɗu da Lebohang Morake, wanda aka fi sani da Lebo M, mawaƙi ɗan Soweto da ya yi gudun hijira ya ƙare a Los Angeles yana ƙananan ayyuka. Da Disney ta kawo masa aikin zakin, sai ya aika aka nemo Lebo M. Kiran nan da harshen Zulu da ke buɗe fim ɗin a daidai fitowar rana muryar Lebo M ce, kuma shi ya jagoranci tarin mawaƙan Afirka ta Kudu da aka ɗauki sautinsu. Zimmer ya faɗa cewa ya karɓi aikin ne domin ya samu fim ɗin da zai kai 'yarsa mai shekara shida ta kalla, amma da ya iso fitowar da uban zaki ke mutuwa, sai ya tsinci kansa yana rubuta wa mahaifinsa makokin da bai taɓa yi masa ba. Wanda ya saurari wannan sashe da kunnen basira zai ji cewa ya fi ƙarfin fim ɗin yara, domin mai tsara shi ya zuba masa baƙin ciki na gaske. A watan Maris na 1995 aka ba shi Oscar ɗinsa na farko. Lebo M ya raba lambar Grammy da shi a kan tsarin waƙar buɗewa, amma mutum-mutumin Oscar na mutum ɗaya ne, alhali abin da duniya ta fi tunawa daga kiɗan muryar ɗan Soweto ce.

Akwai kuma wani abu da mai sauraro ɗan Afirka ba zai kasa lura da shi ba. Labarin zakin yana faruwa ne a dajin gabashin Afirka, sunayen taurarinsa na Suwahili ne, amma waƙar ta Zulu ce. A Black Hawk Down na 2001, wanda ke magana a kan yaƙin Mogadishu, muryar da ake ji ta Baaba Maal ce, mawaƙin Senegal mai waƙa da Fulatanci. A Tears of the Sun na 2003, labarin wani juyin mulki na ƙage a Nijeriya da aka ɗauka a tsibiran Hawaii, muryar Lebo M aka sake jawowa. Babu shakka Zimmer yana girmama waɗannan mawaƙa, ya kuma kai muryoyinsu kunnuwan da ba za su taɓa jin su ba, amma a ganina ya bi ɗabi'ar Hollywood ta ɗaukar nahiya guda mai harsuna dubbai kamar ƙauye ɗaya mai murya ɗaya. Ɗan Somaliya ba zai ji gidansu a cikin waƙar Fulatanci ba, ɗan Nijeriya ma ba zai ji nasu a cikin amshin Zulu ba, kuma wannan naƙasa ce a aikin mutumin da ya fi kowa iya nemo ainihin sautin wuri idan ya so.

Sunan wa za a rubuta

A 2003 furodusa Jerry Bruckheimer ya rabu da mai tsara kiɗan Pirates of the Caribbean lokaci ya riga ya ƙure. Zimmer yana da alkawarin wani fim a hannu, The Last Samurai, saboda haka ya tsara manyan karin kiɗan tare da Klaus Badelt, wani Bajamushe ɗan Frankfurt da ke aiki a kamfaninsa, aka kuma raba sauran aikin ga masu tsarawa da dama suka gama shi cikin 'yan makonni. Sunan Badelt aka rubuta a matsayin mai kiɗan, daga kashi na biyu a 2006 kuma sunan Zimmer ya maye gurbinsa. Karin da miliyoyin mutane suka haddace ya fito ne daga ɗaki mai mutane da yawa, kuma har yau masu sha'awa suna gardama a kan wanda ya rubuta wane sashe.

Batun ya wuce na suna kawai, domin akwai kuɗi a ciki. Kowane fim yana da takardar rajistar kiɗa da ke nuna kowane yanki da wanda ya tsara shi, kuma da ita ƙungiyoyin karɓar haƙƙin mallaka, irin su GEMA a Jamus da ASCAP da BMI a Amurka, suke raba kuɗin da ke shigowa duk lokacin da aka nuna fim ɗin a talabijin. Wanda sunansa bai shiga takardar ba ya tashi da ladan ranar da ya yi aiki kawai. A nan ne wani lamari ya faru a 2008 da ke nuna bangarorin biyu na matsalar. A takardar The Dark Knight an rubuta sunaye biyar: Zimmer, da James Newton Howard wanda suka yi kiɗan tare, da Lorne Balfe, da Mel Wesson mai ƙirƙirar sautuka, da Alex Gibson mai tace kiɗa. Hukumar Oscar ta ga sunayen sun yi yawa ta cire kiɗan daga takara a watan Nuwamba, sai a watan Disamba ta janye hukuncin bayan an gamsar da ita cewa mutum biyu ne suka yi mafi yawan aikin. Wato mutumin da ake zargi da cin gumin yaransa an hukunta shi a wannan karo ne saboda ya rubuta sunayensu domin su ma su samu rabo.

Wanda ya san yadda ƙungiyar makaɗi take a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin 'yan amshi da masu kalangu suna ɗauke da rabin waƙa, wani lokaci ma su ke ƙulla baiti, amma sunan uban tafiya kaɗai ake kira. Bambancin shi ne a Hollywood an gina lambobin yabo da kwangiloli a kan tunanin cewa mutum ɗaya ne ke zaune da fensir, kamar a zamanin Steiner, alhali aikin ya daɗe da barin wannan siffa. Ba na ganin laifi ga yin aiki a ƙungiya. Inda nake ganin gyara shi ne a kalmomin nan na "ƙarin kiɗa" da ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarshen fim, waɗanda ke iya nufin minti biyu ko minti arba'in, mai kallo ba shi da hanyar sani.

Wani sukan da ake yi masa shi ne cewa nasarar kamfaninsa ta sa manyan finafinai sun koma kama da juna: goge masu yawa suna maimaita ɗan gajeren kari, ganguna suna ta dukan ƙirji, ƙahoni suna ruri, babu wata waƙa mai tsawo da mutum zai fita da ita a bakinsa. Akwai gaskiya a wannan, kodayake rabin laifin na furodusoshi ne da ke ɗora tsohon kiɗansa a kan hoto lokacin tacewa, su saba da shi, sannan su umarci sabon mai tsarawa ya yi musu irinsa.

Inda ya fi ƙwarewa

Ayyukansa da suka fi daraja su ne waɗanda ya fara su daga tunani ɗaya ƙarami ya riƙe shi har ƙarshe, kuma mafi yawansu tare da darakta Christopher Nolan ya yi su. Domin mugun The Dark Knight bai rubuta kari ba, sai ya sa aka ja sauti guda a kan babban goge yana ta hawa a hankali har ya zama abin da kunne ke ƙyama. A Inception na 2010 ya ɗauki wata tsohuwar waƙar Édith Piaf ta Faransa, wadda taurarin ke amfani da ita a matsayin alamar farkawa, ya rage mata sauri matuƙa, daga nan ne ruriyar ƙahonin da kowa ya kwaikwaya daga baya ta samo tushe, domin a cikin labarin lokaci yana jan ƙafa a cikin mafarki. A Dunkirk na 2017 an ɗauki sautin agogon aljihun Nolan aka gina kiɗan a kansa, tare da wata dabara ta sauti da ke sa kunne ya ji kamar kiɗan yana ta hawa bai taɓa sauka ba.

Interstellar na 2014 shi ne misalin da ya fi bayyana yadda yake aiki. Nolan bai gaya masa cewa labarin sararin samaniya ba ne. Takarda guda ya ba shi, mai ɗauke da labarin wani uba da zai bar ɗansa domin wani muhimmin aiki, ya ce ya ba shi kwana ɗaya ya rubuta abin da ya zo masa. Zimmer ya yi ɗan gajeren kiɗa yana tunanin ɗansa, kuma wannan ne ya zama zuciyar fim ɗin gaba ɗaya. Daga baya suka zaɓi ogan ɗin cocin Temple da ke Landan, wanda Roger Sayer ya kaɗa, saboda kayan kiɗa ne da ke aiki da iska, mai sauraro yana jin kamar numfashi a cikinsa. Mutumin da aka sani da na'ura ya koma ga ɗaya daga cikin tsofaffin kayan kiɗan Turai, kuma ga fim mai taurari da ramukan sarari, abin da ya riƙe shi ne kewar uba da ɗa, jigon da ya taɓa rayuwarsa tun yana ɗan shekara shida.

Oscar ɗinsa na biyu ya zo ne a watan Maris na 2022, shekara 27 bayan na farko, a kan Dune na darakta Denis Villeneuve. Ya ƙi aikin wani fim na Nolan domin ya yi wannan, saboda littafin Frank Herbert da aka gina fim ɗin a kansa yana cikin waɗanda ya ƙaunata tun yana saurayi. An yi yawancin aikin a lokacin annobar korona, makaɗa suna aiko da sautinsu daga gidajensu. Ya ce bai ga dalilin da zai sa a ji ƙungiyar makaɗan Turai a wata duniyar daban ba, saboda haka Pedro Eustache ya ƙera sabbin kayan busa, Guthrie Govan ya juya sautin jita, muryoyin mata kuma, musamman ta Loire Cotler, suka zama ginshiƙin kiɗan. A daren da aka bayyana sakamakon yana birnin Amsterdam tare da makaɗansa a kan rangadi.

Yin rangadi irin wannan, wanda ya fara a 2016 ya kuma kai shi bikin kiɗa na Coachella da ke Amurka a 2017, ya kawo wani abu da fim ba ya bayarwa. A kan dandamali yana tsayawa ya gabatar da makaɗansa da sunayensu, Lebo M ya fito ya yi kiransa da kansa, Lisa Gerrard, wadda suka raba lambar Golden Globe a kan Gladiator na 2000, ta rera sashenta a gaban jama'a. Jamus ta ba shi lambar girmamawa ta tarayya a 2018. Hukumar Oscar kuwa ta ci gaba da aiki da ma'auninta na da: a 2024 ta yanke cewa kiɗan kashi na biyu na Dune bai cancanci shiga takara ba, saboda ƙa'idarta ba ta yarda ci gaban fim ya ɗauko fiye da kashi 20 cikin 100 na karin da aka riga aka yi amfani da su ba, shi kuma Zimmer ya tsaya a kan cewa labari ɗaya ne aka raba biyu, tun farko kuma a haka ya tsara kiɗansa.